Mai Ido Ɗaya da Tabkin Madarumfa

Ni ban taɓa ganin teku ba, kuma yadda gwiwoyina suka zama yanzu ba na jin zan gan shi. Ruwan da na sani shi ne tabkinmu na Madarumfa. Amma akwai shekarar da teku ya biyo mu har gindin tsamiyar da muke dara, ya kusa hana wani taubashina abincin gidansa.

Bayan yaƙin Turawa ne, lokacin da gyaɗa ke tashe. Mun kai gyaɗa Maradi bisa jakai, ni da wanzamin unguwarmu, mutum mai hannu da sauƙi da baki da nauyi. Da muka gama awo ya matsa mini mu shiga wani fili da aka kewaye, inda ake haska sinima bayan magariba. Na ce ba ni so, ya ja ni. Faransanci ake yi a ciki, ba mu ji ko kalma guda ba, sai abin da ido ya ba mu.

Ga abin da muka gani. Jirgin ruwa kamar gidan sama, an ɗaura masa manyan zannuwa bisa dogayen itatuwa, iska ke tura shi. Mutanen ciki ƙazamai, da 'yan kunne kamar mata, babbansu ido ɗaya gare shi, ɗayan an rufe da baƙin ƙyalle. Suka raɓi wani jirgi, suka dira ciki da wuƙaƙe a baki, suka sassare masu shi suka zuba su ruwa. Sannan suka ɗauki wani akwati suka kai wani tsibiri, suka gina rami suka binne shi, suka yi tafiyarsu.

Kisan bai dame ni ba, don fashi ba baƙonmu ba ne, hanyar Katsina ma an sha tare mutane. Binnewar ce ta tsaya mini. Ka saida ranka ka samo dukiya, ba ka yi aure da ita ba, ba ka sayi saniya ba, ba ka yi wa uwarka zane ba, sai ka ba ƙasa ajiya a wurin da ba ka da dangi ko ɗaya? Na juya abin nan tun daga Maradi har gida bisa jaki, ban samo kansa ba.

Da muka kai labarin gindin tsamiya, dara ta tsaya. Wani ya ce su wa ke musu noma. Wani ya ce ina suke samun ruwan sha, tunda an ce na teku gishiri ne. Liman ya ce fashi fashi ne, ko bisa tudu ko bisa ruwa, hukuncinsa ɗaya. Wani tsoho kuwa abin da ya ɗaure masa kai shi ne inda suke zagayawa in ciki ya matsa.

Duk wannan, taubashin nawa na zaune yana gyara gurabun dara da yatsa. Ɗan kawuna ne, ya girme ni kaɗan. An ɗauke shi soja, aka ƙetara da shi teku, ya dawo da ido ɗaya da jar hula da wani akwatin ƙarfe wanda ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Kafaran muke ce masa, da muƙamin da ya ce an ba shi. A dara ba shi da na biyu. Shi da ƙwallayen aduwa yake yi, abokin wasansa da karare. In ya kafa doki, wato ya jera 'ya'yansa yadda duk motsin da ya yi sai ya ci, to yana zare maka kara yana faɗin magana guda: "Haka muka yi musu bisa teku." Shekara da shekaru muna jin wannan, ba wanda ya taɓa tambayarsa su wa.

Ranar sai wanzami ya dube shi, ya dubi idon, ya ce, "Kafaran, kai da ka ci teku, ka san mutanen nan?"

Ya ga idon kowa na kansa. Ya gyara hula, ya ce, "Na san su? Hmm." Ya yi murmushi, ya dasa ƙwallonsa.

Abin da ya faɗa ke nan. Sauran wanzami ne ya ƙarasa, kai bayan kai, yana aski yana lissafi: ga teku, ga ido ɗaya, ga akwati. Kafin kasuwa ta zagayo, an ce Kafaran shi ne babbansu. Aka fara iske ramuka bayan dangar gidansa da safe, na masu neman akwatin. Shi kuwa daɗi yake ji. Mutanen da ba su taɓa tashi su ba shi inuwa ba suka fara tashi.

Na ce masa, "Kai ɗan banza, ka kashe maganar nan tun ba ta yi ƙafa ba."

Ya ce, "Hassada ce ke cin ka, bawana. Kai iyakarka Maradi."

To amma akwai abin da ya manta. Gonarsa jigawa ce, damanar nan tsutsa ta cinye geron tun yana ciki, rumbunsa ba zai kai shi rani ba. Ga mata, ga 'ya'ya, ga tsohuwarsa. Duk abin da ya mallaka ya zuba shi ga sassaƙa kwalekwale da sayen taru, yana jiran a buɗe ruwa ya fara su, wato kamun kifi. Kuma a Madarumfa sabon mutum ba ya shiga tabki sai da yardar sarkin ruwa.

Sarkin ruwan lokacin tsoho ne daga cikin Anna, masu bin addinin kakanni, ba ya salla. Shi ke rufe ruwa, shi ke buɗewa bayan ya yi yankansa, shi ke fiddo wanda ya nutse. Mu masu salla mukan ce ba mu yarda da abubuwansa ba, amma ban taɓa ganin wanda ya jefa taru kafin ya buɗe ba. Yana da ƙa'ida guda da ba ya ɗagawa: wanda ya zubda jinin mutum bisa ruwa ba ya shiga tabki. Ya ce masu ruwan na jin warin, in irin wannan ya shiga ko kifi ya ɓace ko a rasa rai. Jinin da aka zubda bisa tudu ba ruwansa da shi, wannan tsakanin mutum ne da ƙasa.

Kafaran ya kai masa kaza da goro kamar yadda ake yi. Aka maido masa kazarsa.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe ruwa, sai ga sarkin ruwa da kansa gindin tsamiya da la'asar, abin da bai saba ba. Aka shimfiɗa masa buzu. Ya ƙi kallon wanzami, ya nuna ni.

"Kai, an ce kai ma ka gani. Hwaɗa mini. Kar ka sa gishiri."

Na ba shi labarin yadda na gani. Ya saurara ido rufe, sannan ya fara tambaya.

"Wa ya ba su izinin ruwan?"

"Ranka shi daɗe, ban ga sun tambayi kowa ba."

"Teku ba shi da sarki?"

"Ba a nuna shi ba."

"Waɗanda suka zuba ciki, wa ya hiddo su?"

"Ba kowa. Nan aka bar su."

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kaɗa kai. Na ga ba fushi yake ba, mamaki yake, irin na mai sana'a da ya ji yadda ake ɓata sana'arsa a wata ƙasa.

Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, na wurin, yaro mai kirki ɗan wajen Ɗan Issa. Ya ce, "Baba, abin nan wasa ne. Ba wanda ya mutu, bayan an gama kowa tashi yake ya tafi gida. Ina da littafi mai irin labarin, ƙagawa aka yi. Ɓarayin teku sun ƙare tun kakannin kakanni. Har wasa 'ya'yan Turawa ke yi da su bisa kwali, da 'yan ƙananan jirage, kamar dararku."

Sarkin ruwa ya ce, "Ɗana, ba a wasa da abin da ba a taɓa yi ba. Dara ma ai yaƙi ce aka maida ta ƙasa." Ya juya ga Kafaran. "Ni ba littahi na zo tambaya ba. Soja, shekara nawa kana zare karan mutane kana cewa haka kuka yi musu bisa teku. Su wa? Mi kuka yi musu?"

Kowa ya zuba wa Kafaran ido. Ni na san abin da ke gabansa. In ya riƙe girmansa, kwalekwale ya ruɓe a bakin gaɓa, gidansa ya kwana da yunwa. In ya saki, to a gaban mutanen da ya daɗe yana cinyewa a dara zai saki.

Ya cire jar hular ya aza bisa gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai a hannun wanzami.

"Ranka shi daɗe, ba mu yi wa kowa komi ba. Can ƙasan jirgi aka zuba mu kamar buhunan gyaɗa. Tun da ya tashi har ya tsaya ina kwance ina amai. Zuwa haka, dawowa haka. Ko tuwona wani ke cinyewa."

Wanzami ya ce, "To idon fa?"

"Itace nake faskara wa kuku, ɓarɓashi ya tashi."

"Akwatin?"

"Bargo ne da takalma da tsohon kwat. Ka zo ka gani, in ka gama gina bayan gidana."

Dariyar da aka yi ranar, har wanda ba ya dariya sai da ya riƙe ciki. Ni ban yi sosai ba, amma na yi. Sarkin ruwa kaɗai bai motsa ba.

Ya ce, "Jiya kai ka ci teku, yau teku ya ci ka. Wanne zan kai wa ruwa? Baki guda ne ya hwaɗi duka biyun. Gobe war haka ka zo bakin tabki. Ba taru, ba wuƙa. Ni da kai za mu shiga, ruwa shi hwaɗi nashi."

Washegari rabin gari na bakin gaɓa. Da la'asar iska kan taso daga gabas ta riƙa tura ruwan. Kafaran ya shiga sabon kwalekwalensa ya zauna tsakiya, ya damƙe gefe da gefe, tsohon na baya yana tuƙi. Ni ina son in ga yadda ruwa ke magana. Na zaci kada zai taso, ko ruwan ya canja launi, ko wani abu da zan ba jikoki labari.

Ba su yi nisan jifa ba muka ga Kafaran ya sunkuya. Ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Sannan muka jiyo shi, don ruwa na kai sauti. Furar da ya sha da rana duk ya ba karfasa. Tsohon bai juyo da wuri ba, sai da ya kai shi tsakiya inda iska ta fi ƙarfi, ya gitta kwalekwalen ya bar shi yana rawa, yana kallonsa kamar mai duban akuyar da zai saya. Da ya gamsu ya juyo.

Mu biyu muka ciro shi, ni da wanzami. Sarkin ruwa ya fito yana share hawayen dariya da bakin riga.

Ya ce, "Wanga ko ƙwarya bai taɓa ƙwacewa bisa ruwa ba. Ku ce wa matarshi ta maido kazar."

Aka buɗe ruwa da shi. Sai dai kwalekwalen bai sake shigarsa ba har ya mutu. Ƙanen matarsa ya riƙa fita da shi suna raba kamu, shi kuma yana bin gefe da homa, ƙaramin tarun hannu, ruwa iya ƙirji, inda ƙafarsa ke taka ƙasa. Tarwaɗa ba ta san ido ɗaya ba. Gidansa ya ga damana.

Dara kuwa ya ci gaba da cinye mu. Bambancin kawai, in ya kafa doki ya miƙa hannu zai zare kara, mu ke haɗa baki mu faɗa masa: "Haka muka yi musu bisa teku!" Shi kuma ya ce, "Ja naka, ɗan banza," ya zare.

Wata rana muna mu biyu yana ɗinkin homa, na ce, "Tsakaninka da Allah, Kafaran, tekun nan ka ko gan shi?"

Ya ce sau ɗaya. An fiddo su sama su sha iska, wani ya riƙe shi ya leƙa. Ya ce ba gaɓa gaba, ba gaɓa baya, ba itace, ba tsuntsu, ba abin da za ka sa wa ido ka ce daga nan ne gida.

Na ce, "To mai binne akwati a irin wannan wuri, ta yaya zai gane inda ya sa shi?"

Ya ciji zaren ya tofar. Ya ce, "Ni ina zan sani? Kai ka ga sinimar. Ni amai nike."