Abin da Na Binne a Kan Iyaka

A garinmu, arewa da Bici, babu ƙasar da ke hutawa. Gona na manne da gona. Abin da ya raba ta Baba da ta ƙaninsa, Baffa, layin gamba ne kawai, bai kai faɗin tabarma ba. Nan na zaɓa na binne na'urar, don nan kaɗai fartanya ba ta zuwa. Da wayona da bokona na tafka wannan wautar.

Lokacin ina digiri na biyu a ilimin cikin ƙasa. Na'urar kamar tukunyar ƙarfe take, aikinta sauraron girgizar ƙasar da ta auku a can wata uwa duniya. Girgizar takan nutse kusan kilomita dubu uku, har inda dutse ya ƙare narkakken ƙarfe ya fara, sannan ta ɓullo mana ta ƙarƙashi. Dutsen wurin yana da jijiya kamar itacen faskare. Zafi da nauyi sun sa yana malala a hankali, ƙwayoyinsa na jeruwa ɓangare guda. Girgizar da ta bi jerin takan riga wadda ta gitta shi isowa, kuma wannan 'yar tazarar nake farauta.

Na yi wa Baba bayani dalla-dalla. Baffa kuwa ko tunawa da shi ban yi ba. Da hantsi ya tarar da ni a durƙushe a kan iyakarsa, ina mayar da ƙasa a kan wani abu naɗe cikin baƙar leda.

"Sannu da aiki, ɗana," ya ce, ya wuce. Da ma ya tambaya.

Duk mako nakan zo in kwashi abin da na'urar ta ji in duba a kwamfuta. Sai na lura da wani ɗan motsi kullum bayan sallar asuba: taku ya matso, ya tsaya tsawon lokaci, ya juya. Taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ana jansa. Baffa ne ke jan ƙafar hagu tun da ya faɗo daga bishiyar ɗorawa. Na rufe kwamfutar ban gaya wa kowa ba.

Damina ta yi nisa, ciyawar wuta-wuta ta cinye wa Baffa gero daidai bakin gambar nan. Sansa na huɗa ya kwanta bai tashi ba. Kwanon tuwon da ke zuwa daga sashensa ya daina zuwa, namu kuma ya riƙa dawowa ba a buɗe ba.

Baba ya kira ni zaure. "Ka je ka tone abin nan. A nan ba a binne abu a iyakar mutum sai da nufi."

"Baba, na'ura ce fa! Bari in je in yi masa bayani."

"Bayanin da ba ka yi ba kafin ka haƙa? Yanzu me za ka ce ya ji?"

Raina ya ɓaci, na ga kamar jahilci zai cinye mini wahalar shekara biyu. Girgiza mai kyau ko ɗaya ban samu ba tukuna. Na roƙi wata guda. Baba ya ce, "To."

A cikin watan nan zazzaɓi ya ɗauke jikar Baffa, 'yar shekara uku. Muka je gaisuwa, Baba ya miƙa masa hannu, Baffa ya kalli bango.

A ƙarshen watan girgizar da nake jira ta iso, a rabe tsaf, kamar a littafi. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Na tone na'urar na saɓo ta gida, sai na tarar da 'ya'yan Baffa suna jera tubali a ƙofar da ta haɗa sashenmu da nasu. Ginin ya kai ƙugu. Baba na zaune a tabarma yana kallonsu, bai hana ba.

"Ka samu?" ya tambaye ni.

"Na samu, Baba."

"Tazarar nawa ce?"

"Sakan ɗaya da 'yan kai."

"Sakan ɗaya," ya ce, idonsa na kan masu ginin.