Ƙafar Abokina da Ruwan Teku

Na tsufa da wata ɗabi'a: duk abin da aka kawo a hira, sai na ce na taɓa ganinsa a wata ƙasa. Na yi fataucin goro a Kumasi, na yi shekara shida a Lome, na zauna a Abijan, na yi dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, kafin in zo New York in kama tuƙin tasi. Ina jin Faransanci da Turanci da Larabcin kasuwa da ɗan yaren Asante. A layin direbobi na filin jirgin JFK, inda muke jiran fasinja, ni ake kira in raba gardama, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Abokina ɗan Damagaram ne, yana da shago a unguwar Stapleton, a wani tsibiri na birnin, inda yake sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi. Ni Bakano ne, saboda haka tsakaninmu ba gaisuwa sai tsokana. Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Duk takardar da ta zo masa daga hukuma, ni yake ajiye wa.

A shekarun da motocin da ake kira ta waya suka fara cinye mana kasuwa, na rage aiki, na koma yawan zama a shagonsa. Wata Juma'a cikin Agusta, ana zafin da ke sa kwalta ta yi laushi, na ga yana alwala a bayan kanta yana cije leɓe.

"Bawan Kanawa, me ya cije ka?"

"Faso ne ya tsage ya zama ciwo. Lokotoro ya ba ni man shafawa, ya ce in rufe, kada ruwa ya zauna a wurin. Ka san ina da ciwon suga."

Na duba. Ciwon bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, a gefen diddigen hagu. Sai na gyara zama. Na ce masa a Lome na ga masunta ƙugiya ta yage musu hannu, su tsoma a teku su ci gaba da jan koma, kwana uku wurin ya bushe. Na ce a Jidda ma haka ’yan dako ke yi. Gishirin teku ya fi duk man da ke cikin kwalba.

"Ku Kanawa ko ruwan kwata kuka samu sai kun yi masa talla," in ji shi.

"Kai da ka girma kana bin jaki neman ruwa, me ka sani game da teku?"

Ya yi dariya, ya ce to, amma kada Hajiya ta ji. Matarsa ke nan. Ita ke auna masa suga kowace safiya, kuma maganar likita a wurinta ba a taɓa ta.

Ran Lahadi da rana na ɗauke shi a mota muka gangara wani gefen tsibirin, inda wani ɗan rafi ke shiga teku. Akwai mutane suna kamun ƙaguwa da cinyar kaza ɗaure a zare. Na sa hannu a ruwan, na ji shi da ɗumi kamar wanda aka surka wa jariri. A kwance yake, launin shayi, da ɗan wari. Na Lome ba haka yake ba, can igiyar ruwa ce ke dukan gaɓa ba hutawa. Na ga bambancin da idona. Abin da na ce shi ne, mai ɗumi ma ya fi ratsa jiki.

Ya zauna a kan bokiti, ya naɗe wando, ya tsoma ƙafar. Ya kalli ruwan har inda ido ya tsaya.

"Duk wannan, ba a sha? Wallahi asara. Da a Damagaram yake da mun san yadda muka yi da shi."

Ya yi kusan rabin awa a ciki. Na maida shi gida, na wuce gidana a titin Grand Concourse ina ganin na yi aikin lada.

Washegari da safe ya kira ni ina layi a filin jirgi. Ya ce ƙafar tana masa zugi kamar an zuba garwashi. Na ce gishirin ne ke aiki, ya shafa man kaɗanya ya ɗaga ta sama. Bayan azahar waya ta sake ƙara, wannan karon muryar Hajiya ce.

"Alhaji, ka zo. Ban gane masa ba."

Na bar layin na tafi. Na tarar da shi a kan kujera yana rawar sanyi cikin wannan zafin. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, fatar ta yi ja ta fara komawa shuɗi-shuɗi, ga wasu ƙuraje manya cike da baƙin ruwa. Na kira shi da sunan tsokana, bai rama ba. Yana magana da mahaifiyarsa da ta rasu tun da daɗewa. Muka ɗauke shi ni da wani maƙwabci, muka kai shi asibiti.

’Yarsu mai jin Turanci tana makaranta a wani gari, saboda haka ni ne tafinta. Likitar, wata matashiya, ta ɗauki biro ta zagaye iyakar jan a ƙwaurinsa. Tana tambaya, ina juya wa Hajiya, ina maida amsa. Yaushe ya fara? Wane magani yake sha? Wani abu ya cije shi? Kafin ta gama, na ga jan ya tsallake layin biron.

Sai ta ce, "Ya shiga ruwan teku ko na rafi a kwanakin nan? Ko ya taɓa ɗanyen kifi ko ƙaguwa?"

Hajiya na kallon bakina. Shi kuma ba ya cikin hayyacinsa, ba wanda ya sani a ɗakin sai ni.

Na ce, "A'a."

"Me ta ce?" in ji Hajiya.

"Tana tambaya ko ya yi tafiya."

Na sha yi wa mutane tafinta a kan iyakoki da ofisoshin kwastan, na sha sassauta kalma don kada a yi faɗa. Amma ban taɓa haɗiye tambaya ɗungurungum ba sai ranar. Ba tunani na yi ba. Na ji ne kawai ba zan iya tsayawa gaban matar nan, da furfurata, in ce ni na kai shi ba.

Aka sa masa ruwa da magani, aka ce mu jira a waje. La'asar ta yi, na shiga banɗaki in yi alwala. Na ɗaga ƙafa kan kwanon wanke hannu, na ga nawa fason, tsage-tsage kamar nasa. Na daɗe a haka famfo na zuba. Na yi sallar a wani lungu, ban san me na karanta ba. Da na sallame ban koma wurin Hajiya ba, na nemi likitar. Daga amsata ta farko zuwa lokacin, an kusa awa guda.

Na ce mata jiya ya tsoma ƙafar a ruwan bakin rafi, rabin awa, da ciwo a buɗe.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta kalle ni sau ɗaya, ta juya da sauri tana ba ma'aikata umarni. Aka ƙara wani magani, aka kira masu tiyata. Daga baya ta yi mana bayani: akwai wata ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a ruwan gaɓa idan ya yi ɗumi, musamman inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Ta ɗan ƙaramin ciwo take shiga, ta riƙa kashe naman da ke ƙarƙashin fata. Mai lafiya sau da yawa yakan shiga ya fita ba abin da ya same shi, amma mai ciwon suga ko na hanta, awoyi kaɗan sun isa.

Hajiya ta ga yadda aka rikice. Ta ce, "Me ka gaya mata?"

Na gaya mata duka, har da tambayar da na ɓoye.

"Kai ka kai shi?"

"Ni ne."

Ta ɗauki jakarta ta koma kujerar da ke can ƙarshen layi. Da aka kawo takardar izinin tiyata, dole ta dawo kusa da ni, don ba wani mai karanta mata. Na juya mata kowace kalma yadda take, har inda aka rubuta cewa idan ya zama dole za a yanke ƙafar. Ta sa hannu ba ta kalle ni ba.

An shiga da shi sau biyu ana kankare mataccen nama. A karo na uku aka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya rayu. Na tare likitar na tambaye ta ko awar nan da na ɓata ce ta ci ƙafar. Ta ce ba za ta iya sani ba, mai yiwuwa tun da safe aikin ya riga ya yi nisa. Da safen ma ni ne na ce ya shafa man kaɗanya.

Sai da ya yi makonni a gida na iya zama na gaya masa abin da na yi a asibiti. Hajiya ba ta faɗa masa ba. Ya daɗe yana shafa dungun ƙafar da tafin hannu.

"Bakano," ya ce, "ka yi ƙarya da Turanci, ka zo neman gafara da Hausa."

Na kasa dariya.

"Maganar ruwa, bar ta. Ni na naɗe wandona, ba ka ɗaure ni ba. Amma waccan ba ni ka yi wa ba. Ita ka yi wa, tana tsaye ba ta da kunne sai naka. Je ka same ta."

Na same ta a kicin. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta zuba mini abinci. Har yau tana gaishe ni da ladabi, tana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya.

Ni ke kai su asibiti duk lokacin da za a duba shi ko a gyara masa ƙafar roba. A mota yana tsokanata kamar da, wani lokaci har in rama. Amma da mun isa gaban ma'aikaciya, Hajiya takan faɗi ’yan kalmomin Turancin da ’yarta ta koya mata, cewa a kira mata tafinta ta waya. Sai a ajiye wayar a kan tebur, muryar wani da ba ta taɓa gani ba ta riƙa juya mata magana. Ni ina zaune a bakin ƙofa riƙe da sandarsa. Wani lokaci tafintan yakan yi ’yar kwana a magana, in ji gyaran ya zo mini har leɓe. Idan abin ya shafi magani nakan ɗaga hannu in roƙi likita ya maimaita. In ba haka ba, ba na cewa komai.