Jan Jinin Saniyar Baffa Buba

Har na yi ritaya ban manta da wata ranar damina ba, a tsakiyar shekarun 1990, ina malamin dabbobi a Kasuwar Shanu ta Potiskum. Malamin dabbobi shi ne na ƙasa da likita. Mu ke allura, mu ke duba nama, mu ke shan zagi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, sannan ya ɗauke, dawa ta yi yaushi tun ba ta kai gwiwa ba. Da hantsi Baffa Buba, wani dattijon makiyayi da ya zauna a Dogo Tebo, ya zo yana haki.

"Malam, taso! Shanuna sun faɗa gona, sai faɗuwa suke."

Na tarar an riga an yanka biyu don kada su zama mushe. Jinin ja zur, har yana ɗaukar ido.

"Dubi jinin nan, lafiyayye," in ji Baffa. "Me ya kayar da su?"

Ku sababbin ma'aikata da nake ba wannan labari, ku saurara. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan murahu, mitokondiriya. Nan ake ƙona abinci a samar da ATP, ɗan sinadarin da ke kai ƙarfi ga tsoka da zuciya. Masu aikin su ne wasu sinadarai da ake kira inzayim, suna jere suna miƙa wa juna aikin, kamar masu miƙon bulo a wurin gini. Na ƙarshensu ne ke haɗa aikin da iskar da jini ya kawo. Dawar da ta yi yaushi tana sakin guba mai damƙe wannan na ƙarshen. Layi ya tsaya, ATP ya ƙare. Iska ta cika jini ba mai karɓa, shi ya sa yake ja haka. Dabba na numfashi amma a shaƙe take.

Saura Wule, saniyar da Baffa ya gada daga mahaifiyarsa, ga ciki. Tana kwance tana makyarkyata.

Akwai allurar da ke sa gubar ta saki wannan inzayim. Na hau babur na koma siton magani. Mai kula da shi bai ko tashi ba.

"Ta ƙare tun bara. Ka rubuta buƙata, oga ya sa hannu, a kai Damaturu."

Na dawo hannu wofi. Don kunya na shiga yi wa Baffa bayanin murahu. Ya saurare ni har ƙarshe, da ladabi.

"Duk ka san wannan, Malam. Allurar fa?"

Na ce, "Baffa, a kawo wuƙa."

Shi ya riƙe mata kai da kansa. Wallahi ranar na gaji da aikin nan.

Abin da na koya shi ne, kada ka jira sito. Daga nan, duk shekarar da ruwa ya ɗauke, rugage nake bi ina roƙon a tsare shanu daga dawa mai yaushi. Baffa kuwa ya ci gaba da gaishe ni da mutunci, amma bai sake kirana ba.