Kujerar da Aka Ajiye a Bakin Get

Shekara talatin da ɗaya shagona yana jingine da nasa. Ni tela ne, shi kafinta. Mutanen layinmu suna ce masa Ƙusa-a-baki, domin da wuya ka gan shi babu ƙusa biyu ko uku a leɓensa. Ko gaisuwa ta gefen baki yake amsawa.

Yana da wata hanyar aiki da kowa ya sani. Idan kujerarka ta karye, ba sai ka yi magana ba. Ka ajiye ta a ƙofar shagonsa ka wuce harkarka. Ya san kujerar kowane gida kamar yadda ya san fuskokin masu gidan. Bayan kwana biyu za ka tarar da ita a ƙofarka, tsaye da ƙafafunta. Haka ya yi rayuwarsa, da haka ya sa 'ya'yansa huɗu a makaranta.

Da matarsa ta rasu, babban ɗansa ya zo. Yaron ya zama injiniya, ya gina gida a sabuwar unguwar da ke gefen birni, wadda kowa ke marmarin shiga. Kwalta har ƙofar gida, bishiyoyi a jere, ruwa ba ya yankewa.

"Baba, ka huta haka nan," in ji shi. "Ɗakinka na can an gyara. Kada a ce ina cikin daula kai kana shaƙar ƙurar katako."

Ƙusa-a-baki bai so ba, na gani a idonsa. Amma ba ya son ya kunyata ɗansa. Ya ɗauki akwatin aikinsa ya shiga mota. Shagon kuwa aka ba wani mai sayar da wayoyi.

Bayan wata huɗu na je duba shi. Mota biyu na hau, sannan maigadin unguwar ya tsare ni sai na faɗi lambar gida. Tun daga nan har gidan ban haɗu da mai tafiya a ƙafa ba. Katangu ne dogaye, kowane get a rufe.

Ɗakinsa ya yi kyau, ban ga abin kushewa ba. Gado mai laushi, taga babba, banɗaki a ciki. Surukarsa ta kawo mana shayi da kanta. Sai dai mutumin ya rame, kuma bakinsa babu ƙusa.

"Kai tsoho, ka zama babban mutum," na ce masa. "Har tafin hannunka ya yi laushi."

"Kai dai har yanzu ba ka iya ɗinka aljihu daidai ba," ya ce. Ya ɗan yi dariya, ta tsaya a rabi. Sai ya ba ni labari.

Wata safiya ya fita miƙe ƙafa, ya ga kujera a bakin get ɗin gidan da ke kallon nasu. Katako mai kyau, ƙafa ɗaya ce kawai ta kwance. Ya ce zuciyarsa ta yi fari, ashe maƙwabta sun ji labarin akwai kafinta a layin. Ya ɗauko ta ya kai bayan gida, ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Kwana uku yana kanta. Ya kwance ƙafafun duka ya sake ɗaure su da gam, ya goge ta, ya shafa mata mai har tana ƙyalli. Da safe ya mayar da ita inda ya same ta, ya koma bakin get ɗinsu ya tsaya, yana so ya ga fuskar mai ita.

Motar shara ce ta fara zuwa. Ma'aikatan suka ɗaga kujerar suka wurga ta a baya, kan buhunan bola. Ya ce har ƙarar karyewarta ya ji.

Da ya gaya wa ɗansa, yaron ya ce, "Baba, a nan duk abin da ka ga an fitar bakin get, an yar da shi ne. Ba a gyara, sabo ake saya."

"Ban ga laifin kowa ba, Tela," ya ce mini. "Yaron nan ba abin da bai yi mini ba. In na ce zan koma, na ɓata masa rai. In na zauna kuma, ban san me zan yi da hannuwan nan ba."

Na yi masa sallama na fito. Da injiniyan ya rako ni bakin titi, na ce masa, "Ɗana, barandar shagona tana da faɗi." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Sati biyu ban ji komai ba. Ran wata Litinin, ina buɗe shago, sai ga motar injiniyan, tsohon na ciki. Injiniyan ya fito da akwatin aikin a hannunsa, ya ajiye a barandata. Ya koma bayan mota ya ɗauko wata 'yar kujera mai tsagaggiyar ƙafa, ya ajiye a gaban mahaifinsa. Sannan ya shiga mota ya tafi wurin aiki.

Tsohon ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo. Kujerar marigayiya matarsa ce, wadda take zama a kai in tana girki.

Yanzu can yake kwana, nan yake wuni. Hannunsa ya rage sauri, aikin kwana biyu yakan kai sati. Mutanen layi sun ci gaba da ajiye masa kujeru, ba wanda yake gaggauta shi.