Wutar Ɓuntu ta Yaya Baiwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1995, da hantsi, aka aiko marinarmu ta mata a Argungu cewa Allah ya karɓi ran Yaya Baiwa a Birnin Kebbi, inda aka kai ta jinya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Yaya, ba za ki so in faɗa ba, amma saboda ni kika raba mu da itace. Shekara uku da suka wuce, hayaƙin tafasa ruwan rini ya ci mini ƙirji, har likita ya ce in bar hayaƙin ko in bar sana'ar. Sai muka gan ki da buhun ɓuntu, ƙaiƙayin shinkafar nan da masu inji ke zubarwa. Kika tsayar da taɓarya a tsakiyar rabin duro mai huji a gindi, kika danƙare ɓuntu kewaye da ita, kika zare ta, kika kunna wuta a ramin. Har tsokanar ki muka yi, wai za ki dafa zane da abincin kaji. Wutar ta ci wuni guda, hayaƙinta bai kai a ambata ba, bishiyoyin bakin kogin Rima ma suka huta da gatarinmu.

Sau nawa na ce ki nuna mini yawan ruwan da kike yayyafa wa ɓuntun kafin ki danna? Sai ki yi dariya ki ce, "Aminatu, hannu ka jin shi, ba a hwaɗinai da baki. Bari in samu sauƙi."

Yau kwana tara ina gwadawa. In ya bushe ramin ya rushe, in ya jiƙe wutar ta ƙi kamawa. Zannuwan mutane sun taru. Jiya Maliki mai amalanke ya sauke itace a ƙofar marina, ban kuwa ga laifin matan da suka aike shi ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya yalwata kabarinki kamar yadda kika yalwata mini numfashi. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta Malam Tamba, da 'yarta Maryamu, da dukan dangi na Gulma. Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma ku sa ni a addu'a, ranar Asabar za a kunna itacen.