Bayan Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce "ke". Idan zancena take yi da wani sai ta ce "waccan". Idan kuwa na yi abin kirki har ya kai a faɗa, sai ta ce "yarinyar gidan nan", kamar wadda aka tsinto a kasuwar Tsanyawa. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, danga ɗaya ce tsakaninmu da ɗakin Inna. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa a garinmu ya san haka, ni ma na sani. Sanin dai bai hana ni jin haushi ba, musamman idan na ga autarmu ta yi matashi da cinyar Inna ana yi mata tsifa.

Da na je jami'a na karanta abin da a asibiti ake kira gashin ƙashi. Kakata har ta bar duniya tana tambayata ko da gawayi muke yi. Bayan na gama na kama aiki a Kano, na samu ɗaki a Rijiyar Zaki, daga baya na koma karatun digiri na biyu. Malamar da ke duba aikina wata Hajiya ce marar son dogon zance. Ita ta kawo mana labarin wasu likitoci na ƙasar waje masu bin wani reshe na likitanci da suke kira ostiyofati. Su a wajensu jiki abu guda ne, ƙashi da tsoka da jijiya duk a sarƙe suke, kuma akwai ciwon da hannun da ya ƙware yake iya ganowa ya sassauta shi. Sun buɗe wa ɗalibai irinmu ɗakin karatunsu ta intanet, da darussa na bidiyo, sun turo wadda ta zauna da mu tana gyara mana riƙon hannu, suka kuma ce za su tallafa wa duk wanda zai bincika ko hanyar tana aiki a tsakanin mutanenmu.

'Yan ajinmu yawanci ma'aikatan ofis suka zaɓa, masu ciwon baya saboda zaman kujera, don ga su nan kusa kuma sun iya karatu. Ni na ce matan garinmu nake so. Hajiya ta tambaye ni dalili, na jero mata daka da surfe da ɗiban ruwa da roron gyaɗa, duk aikin sunkuyo. Gaskiya ne duk abin da na faɗa. Amma akwai wani dalilin da na bari a cikina: da na je gida Babbar Sallah na ga Inna za ta tashi daga gaban murhu, sai da ta dafa bango, ta miƙe rabi, ta huta, sannan ta ƙarasa.

Hajiya ta amince, da sharaɗi ɗaya.

"Kada ki saka 'yan gidanku a ciki," in ji ta. "Uwa ko ƙanwa, abin da zai faranta miki rai za su faɗa."

Na yi dariya, na ce ranki ya daɗe, ba ki san uwata ba ne.

Na isa gida an gama maimai, wato noma na biyu, gero ya kai ƙugu. Mai unguwa ya ba ni aron aji ɗaya a makarantar firamare tun da yara na hutu. Na haɗa benci biyu, na shimfiɗa katifa 'yar siririya, na rataya zani a taga. Karatu kuwa sai na fita bakin titi, gindin wani rimi, nan ne kaɗai waya ke kamawa. Masu wucewa a kan babur suna ganina tsaye da waya sama da kai, suka yanke cewa miji nake nema a Kano.

Mata suka zo, har sun fi yadda na zata. Matsalar farko da na ci karo da ita ba ta hannu ba ce, ta baki ce. Bayan na yi wa mace aiki, ta tafi ta dawo, sai in tambaye ta yaya bayan.

"Da sauƙi."

Wadda ta shigo tana takawa garau, da sauƙi. Wadda aka riƙo ta ta kafaɗa biyu, ita ma da sauƙi. Ni kaina haka zan amsa ko da wuƙa ce a cikina, don ba a amsa gaisuwar marar lafiya da ƙorafi. Da na rubuta amsar yadda suke ba ni ita, da likitocin nan sun ɗauka na warkar da gari guda. Sai na daina tambayar ciwo, na koma tambayar aiki. Kin iya yin shara da gajeriyar tsintsiya yau? Ruku'u fa, kin kai hannu gwiwa ko a cinya kika tsaya? Matan hayin rafi, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, sai in tambaye su durƙuso a coci da sauke tulu daga ka. Nan ne gaskiya ta fara fitowa, don mace za ta ɓoye ciwo amma ba za ta ce ta yi dakan da kowa ya ga 'yarta ce ta yi ba. Na rubuta wa Hajiya haka, ta amso da kalma ɗaya, wai madalla.

Inna ba ta zo ba. Kullum da hantsi autarmu, wadda ta yi aure a unguwar gaba har da 'ya'ya biyu, za ta kawo mini fura daga wajenta. Na kuma ji daga bakin maƙwabta cewa Inna ce ke turo mini matan. "Ku je, an ce waccan ta iya," haka take ce musu. Da safe in na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta na tambayi bayan, sai ta dubi akuya ko tukunya ta ce da sauƙi. Wata rana tana ƙoƙarin tashi daga tabarma na miƙa hannu zan kama ta. Ta janye jiki, ta ce, "Ke, ba ni wuri." Na ba ta wuri, na kuma yini ina huci.

Sai na yi dabara. Na ce tun da auta ta saba hawa jikin Inna, bari in koya mata. Na kwanta, na nuna mata a bayana inda za ta ɗora tafin hannu, da yadda za ta jira tsoka ta saki kafin ta ƙara nauyi. Ta ce ta gane. Muka je, ta shiga ɗakin Inna, ni na tsaya bayan labule ina ba da umarni. Ba a daɗe ba na ji muryar Inna a hankali.

"Wai ke wanki kike yi ko tausa?"

Auta ta fito tana dariya, ta ce ita fa ba ta ga abin da ake jira ba, baya ai baya ne. Kashegari Inna ta tashi ta fi jiya ɗingishi. Na hana auta sake taɓa ta. Aikin nan hannu ne ke ji ya kuma yanke shawara a lokaci guda, ba a aika shi.

Damina ta ja baya, aka fara cirar gyaɗa. Inna tana da gayaunarta a bayan gari, tun kafin a haife ni ita ke nomanta, ita ke cire gyaɗarta, ba ta yarda kowa ya taɓa mata. A shekarar nan sai ga gyaɗa ta nuna, ganye ya fara zuba, Inna na gida. Sallah a zaune take yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tafiyarta: ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa, takalminta na wannan ɓangaren ya fi cinyewa ta gaba. Na san abin da hakan ke iya nufi. Idan tsoka ce ta ɗaure, hannu zai yi magani. Idan kuwa jijiya ce ƙashi ya danne, tausa ba ta da amfani, asibitin Kano za a nufa tun ƙafar ba ta mutu ba. Kuma ba yadda zan bambance sai na taɓa ta.

Ranar na kasa haƙuri. Na tsaya a ƙofar ɗakinta, auta na ciki tana tankaɗe, na faɗi abin da ke raina. Na ce babu macen da ban taɓa bayanta ba a garin nan, har da waɗanda ba ma ga maciji da su. Na ce idan ƙafar nan ta shanye, kunya ba za ta ɗauke ta zuwa banɗaki ba. Na ce ni ban roƙi a haife ni da fari ba. Tsoro nake ji ƙwarai, haushin a sama kawai yake.

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce wa auta, "Gaya wa waccan ta rage murya, maƙwabta na ji."

Na koma makaranta na zauna a kan benci na yi kukana, na share fuska, na ci gaba da karɓar mata. Lokacin da aka ba ni ya kusa ƙarewa, Hajiya ta riga ta kira tana tambayar ranar dawowa.

Ranar aikina ta ƙarshe ta matan hayin rafi ce. Suna da surutu da tsokana, ɗaya daga cikinsu, tsohuwa ce da ke kiran kanta kakata, kullum sai ta ce hannuna ya fi na mijinta amfani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Ina cikin aiki na lura da wata a can ƙarshen aji, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta ja mayafi har ya rufe mata rabin fuska. Ban ga fuskar ba amma na ga ƙafafun, da takalmin hagun nan da ya cinye ta gaba. Matan hayin rafi ma sun gane ta, na sani, domin surutunsu ya ragu, kuma ba wadda ta gaishe ta da za su fita. Sun yi mata wannan karamcin.

Ajin ya rage daga ni sai ita. Ta dafa bango ta miƙe, ta tako har gaban bencin, idonta a kan allo.

"Likita," ta ce.

Ban taɓa jin ta kira ni da wani abu da ya wuce "ke" ba. Na amsa.

"Wata baiwar Allah ce a unguwarmu, bayanta ya matsa mata. Shi ne na ce bari in zo in ji ko ana duba irinsu."

"Ana dubawa," na ce. "Baiwar Allahn nan, ciwon yana sauka mata har ƙafa?"

"An ce yana sauka."

"Tana jin ƙafar kamar ba tata ba?"

"A'a. Tata ce. Nauyi dai take mata."

"To sai dai ki kwanta ki nuna mini wurin a jikinki, tun da ita ba ta zo ba."

Ta zauna a bakin katifar. Na tuna da sharaɗin Hajiya, na rufe biro na ajiye shi gefe. Wannan ba ta cikin bincike.

Da ƙafar na fara, don ita ce abin tsoron. Na ɗaga ta a miƙe a hankali ina kallon gefen bakinta. Na ce ta tura babban yatsa sama in danne, ta tura, ya ture hannuna da ƙarfinsa. Na bi fatar da ɗan yatsa daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, ko'ina tana ji. Jijiyar lafiya lau take. Na yi hamdala a zuciya.

Sannan na ce ta juya rub da ciki. Ta juya, ta mai da fuska bango, ta sassauta zani da kanta. A bayan nan aka goya ni, amma ban san shi ba, ranar na fara ganinsa. Ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Daga kafaɗa zuwa ƙugu duk tabon ƙaho ne, wasu tsofaffi sun yi baƙi, wasu kuwa ko ɓawo ba su gama yi ba. Ashe duk watannin nan da nake gari wajen wanzami take zuwa a ɓoye. Ta gwammace a tsaga ta da aska da ta kwanta a gaban 'yar farinta. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma ba ni tausayi, na rasa wanda ya fi.

Na hura tafin hannuna don ya yi ɗumi, na ɗora a ƙugunta na hagu. Jikinta ya ɗaure gaba ɗaya. Ban danna ba, na bar hannun a wurin ina jira, yadda aka koya mana. Tsokar a tamke take kamar igiyar guga. Daga waje ana jin masu amalanke suna wucewa da buhunan gyaɗa. Can na ji ta saki numfashi, bayan ya ɗan sauka a ƙarƙashin hannuna, na fara aiki.

Mun ɗan jima a haka kafin ta yi magana, fuskarta har yanzu a bango.

"Likita."

"Na'am."

"Ƙasa kaɗan."

Na sauke hannuna ƙasa kaɗan.