Bijimin Yumɓu a Gindin Jigo

A shekarata ta farko a lakwal, wato makarantar boko, kaina dutse ne, ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba. Lakwal ɗin ma rumfar zana ce a bakin garin Madarumfa, 'yan shekaru kafin Nasara su tattara nasu su tafi. Malaminmu wani dogon saurayi ne daga Damagaram, muna ce masa Mushe, wato Malam da Faransanci. Ya faɗi kalmar Faransanci, yara su maimaita, ni kuwa in buɗe baki in rufe tare da su, ko iska ba ta fita.

Amma kai, ina son wurin nan kamar in mutu! Ina son waƙa, ina son tsere, ina son ƙamshin alli. Sai ga shi Mushe ya ce ƙarshen shekara za a yi biki, iyaye su zo, kowane yaro ya nuna abin da ya iya, wanda bai nuna komai ba a sallame shi gida. Rabin ajin suka yi ta murna, don dama kamo su aka yi. Kakana ma, wanda shi ya rene ni bayan rasuwar ubana, dariya ya yi har da buga cinya. "Madalla! Su koro mini kai in samu mai kiwon awaki. Wanga kan naka ko da tabarya ba a sa masa karatu."

Ana nan sai ranar wata Laraba Mushe ya jera mu, ya kai mu bakin tafki ɗibar yumɓu. Tabɗi! Ranar an ga hauka. Wani ya nutse har gwiwa, wani ya shafe fuskar ɗan'uwansa, masunta suna ta yi mana tsiya wai yau bokon ya koma ginin tukwane. Muka dawo kamar an tono mu. Mushe ya ce kowa ya gina dabbar da ya sani.

Abin nema ya samu! Uwata maginiya ce, tun ina rarrafe nake cikin yumɓu. Yara suna ta murza abubuwa masu kama da dankali, ni na cuɗa nawa da busasshen kashin jaki don kada ya tsage, na gina bijimi. Na ɗora masa tozo, na kafa ƙahoni da farar ƙaya, na sa masa idanu da 'ya'yan idon-zakara, na shafe shi da jar ƙasa. Mushe ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce, "Ka kai shi gida ya bushe a inuwa, nan awaki ke kwana. Ranar biki ka kawo shi lafiya lau, ka ji? Da shi za ka tsira."

Na ɗauko shi a tafin hannu ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. To, a ina zan ajiye? Gidanmu cike yake da kaji da ƙannai masu hannun ɓarna. Wuri ɗaya ne kaɗai ba mai taɓawa. Mu gidan Anna ne, a lokacin ba mu salla, kuma a bayan ɗakin Kaka akwai jigo, wato itacen da aka kafa inda ake yi wa iskokin gida yanka. Ko kaza ta nufi can sai an kore ta. Na duba gabas na duba yamma, mutane duk suna gona, na lallaɓa na girke bijimina a gindin jigo, na fito ina yaba wa kaina wayo.

Da safe ihun kakata ya tashe ni. "Ku fito! Ku fito ku gani! An aiko!" Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Ga jan bijimi tsaye a gindin jigo, idanunsa jajur, ba wanda ya san daga inda ya fito. Wata gwaggona ta rantse ta ji kukan sa da asuba. Wani ya ce ai kansa ya motsa yanzun nan. Kaka ya tsuguna ya dube shi ta nan, ya dube shi ta can, ya ce ba shakka ja ake so, a kamo jan zakaran nan. Ina tsaye ina kallo aka yanka shi a kan bijimina, jini ya bi tozo, aka manna masa gashin.

Wallahi na ci naman. Ƙarya me za ta yi mini yanzu? Har cinya aka ba ni, ina tauna ina hawaye, kakata tana cewa, "Dubi angona, abin ya taɓa shi."

Kwana uku ina cikin wannan hali. In na faɗa, na sha duka har in manta sunana. In na yi shiru, Mushe ya sallame ni. Ranar biki da safe na ji gangar mai gari, na ga yara suna wucewa da 'yan dankalinsu a hannu, sai na faɗi gaban Kaka na fashe da kuka na zayyana masa komai.

Ya ƙura mini ido. Can ya ce, "Kai ka gina shi? Da wanga hannu?" Na ce i. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya kwanta a kan buzu, yana cewa, "Zakarana! Ɗan banza, ka cinye mini zakara!" Da ya huce ya share ido ya ce, "Amma abin da ya sha jini ya zama na iskoki. Ba mai ɗaga shi, ko ni."

Wayyo, na sake ɓarkewa. Shi kuwa ya jawo sandarsa, ya ce in wuce gaba.

Mutumin da bai taɓa taka lakwal ba ya ratsa taro, ya wuce tabarmar da aka jera aikin yara, ya tsaya gaban Mushe. "Malam, aikin jikana yana gida, ba ya tasowa. In kana son gani sai ka taka." Mushe ya dubi mai gari, mai gari ya ce shi ma sai ya gani. Haka biki ya tashi kacokan ya biyo mu, da makaɗi da iyaye da yara a layi suna waƙa, ni a gaba ina ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A bayan ɗakin Kaka, Mushe ya ja birki daga nesa, yana motsa baki da a'uziyya. Ya leƙa, ya ga bijimi da gashin zakara a tozo. Ya cije leɓe, ya kasa, ya tuntsire da dariya, taro ya ɗauka. Kakata kaɗai ta ɗaure fuska, ta ce ita dai ta san abin da ta sani.

Mushe ya ce, "Baba, aikin da ya ruɗi gida guda ai ya wuce a ce ya yi kyau. Ni ina son yaron nan. Amma na ji an ce kai kana son a sako maka shi."

Kaka ya kama hannuna ya juya shi yana kallo. Ya daɗe. Sannan ya ɗora shi a cikin hannun Mushe. "Riƙe shi, Malam. Kan dai babu, na faɗa maka gaskiya. Amma ka bi ta hannun, wataƙila ka isa."

Na yi tsalle, na yi alkafura, na zagaya rumbu sau uku ina ihu. Ranar ko tuwo ban iya zama na ci ba.

Washegari da sassafe na fito wanke ido, sai na hango Kaka a bakin ƙofa. Ya kwance awakin da kansa, ya naɗe igiyoyin a hannu, suna jansa yana dogara sanda yana tari. Na ruga in karɓa. Ya ture ni da gwiwar hannu, bai ko dube ni ba.

"Koma," ya ce. "Kai yanzu ba nawa ba ne."